Ɗakin Sama na Hajia Memuna

Gado na farko da na gyara a jirgin ruwa, sau shida aka sa na kwance shi. Wadda aka haɗa ni da ita ta koya min aiki wata 'yar Filifin ce mai suna Nena, gajera, ko kafaɗata ba ta kai ba. Sai ta zura yatsu biyu a ƙarƙashin katifa, ta ja bakin zanin gadon, ya biyo hannunta, ta ce, "Sake." Ba ta ɗaga murya, ba ta hararata. A karo na biyar na ce mata shekara huɗu na yi ina gyaran ɗakuna a wani masauki a Adum, ba wanda ya taɓa kuka da gadona. Ta ce, "Gadon Adum ɗinki yana tafiya?" Na sake kwance shi. Gadon jirgi motsi yake yi dare da rana. In ba ki naɗe kusurwar zanin kin cusa ta ciki sosai ba, kafin gari ya waye duk ya tattare a bayan baƙo, shi kuma ba zai ce teku ba, zai ce mai gyaran ɗaki.

Abin da ya sa nake wannan bayani, 'yan matan gidanmu ne a nan Asawase. Tun da na ajiye aiki na zauna gida, kullum in ina tsintar shinkafa a baranda sai sun kawo min waya. Zulai, 'yar ƙanin maigidana, ita ce kan gaba. "Antie Salamatu, ke fa kin sha daɗi! Dubi ɗaki, dubi teku. Ni in na yi kuɗi, suwit zan kama, can sama. Ko bai kai kuɗinsa ba?" Suwit shi ne babban ɗaki mai falo da baranda, wanda ake ƙara kuɗi mai yawa a kansa. Amsar tambayar tata ba ta ƙarewa kafin shinkafa ta dahu, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina tura keken kaya a jiragen yawon shaƙatawa, kusan duka a bene na huɗu, inda ƙananan ɗakuna suke, masu tagar da ba a buɗewa. Keken nan shi ne shagona. Zannuwan gado a ƙasa, tawul a tsakiya, sabulai a sama. Tsummokara launi huɗu: ja na masai ne kawai, shuɗi na madubi da taga, rawaya na wajen wanke hannu, kore na tebur. In aka kama ki kin taɓa kofin shan ruwa da jan tsumma, babu wani ban haƙuri. A aljihuna akwai katin buɗe ƙofa, da ɗan guntun roba na tokare ƙofa, da tsohon buroshin haƙori na cire datti a gindin famfo. Abu na farko kuwa da hannunki zai koya shi ne taka birkin keke. Na taɓa mantawa sau ɗaya, jirgi ya ɗan karkata, kekena ya kama hanya shi kaɗai har ƙarshen lungu, ina bin sa da gudu kamar yaron trotro, motar haya, da ta tashi ba shi.

Ɗaki goma sha takwas ne rabona, kowanne sau biyu a yini. Da safe shara, da wanke banɗaki, da gado. Da yamma a buɗe bargo, a ja labule, a naɗe tawul a yi giwa ko biri a ɗora kan gado, don yaran turawa da tsofaffinsu suna son haka. Babu Juma'a, babu Lahadi, wata takwas ko tara a jere. Ranar da baƙi ke sauka wasu su hau, ruwan sha ma a tsaye ake sha. Hoton da kuke gani a waya, yarinya sanye da farar riga tana dariya a gaban teku, minti biyu aka ɗauka ana yin sa. Ƙafafun da suka kumbura cikin baƙin takalmi ba sa shiga hoto.

Ni ina da kayan aikin da kamfani bai ba ni ba: ƙaramar buta da na saya a kasuwar Asawase, baƙin ɗankwali da aka yarje min in rufe gashina, da busasshiyar citta a leda. Sallah a jirgi tana da nata ilimin, don alƙibla ba ta zama wuri ɗaya. A talabijin na kowane ɗaki akwai tasha mai nuna taswira da inda jirgi ya sa gaba. Da ita nake dubawa kafin in shiga ɗakin ajiyar tawul in shimfiɗa darduma. Nena, ko da yake Kirista ce, ita ke tsare min keke.

Mai gyaran ɗaki tana sanin baƙo ba tare da ya buɗe baki ba. Matashin kai biyu a kan kujera, an yi faɗa. Faranti ba a taɓa ba, babu lafiya. Tawul da yawa jiƙe a ƙasan banɗaki, an yi amai an goge, ana jin kunya. Wannan ba a koyar da shi a makaranta, kuma ba a fita da shi waje.

Gaskiyar suwit kuwa, ba zan rage masa komai ba. Akwai wuri, ba za ki bugi gado da gwiwa ba in za ki shiga banɗaki. Akwai baho, akwai baranda da za ki zauna ki sha iska, akwai mai hidima naki na musamman, ba kya bin layin abinci ko na sauka. Mai iyali da yawa, ko mai keken guragu, ko wanda ya san a ɗaki zai yini, kuɗinsa bai tafi a banza ba. Wanda kuwa zai fita tun safe ba zai dawo ba sai barci, ni ban ga abin da ya saya ba sai faɗin wurin ajiye akwati. Amma akwai abin da ba a rubutawa a takardar talla. A jirginmu manyan ɗakunan nan a bene na sha biyu suke, can gaba wajen hancin jirgi. Shi kuwa jirgi kamar bishiya yake a cikin iska, gindi a natse, kai yana lilo.

Wannan a shekarar korona na san shi da jikina. Aka sauke baƙi duka, aka tsayar da jirgi nesa da gari, babu ƙasar da ke son mu sauka. Don kar mu cunkushe a ɗakunanmu na ƙasa, aka rarraba mu ɗakunan baƙi, kowa shi kaɗai. Ni na faɗa bene na sha biyu, ɗaki mai baranda. Ranar farko na yi ta ɗaukar hoto ina aika wa maigidana. Rana ta uku iska ta taso. Ni da na yi shekaru a teku ban san jiri ba, na kwana biyu ina rungume da bokiti. Ruku'u ma ya gagare ni, da na sunkuya sai ɗakin ya juya. Watanni muka yi a haka. Aikinmu kullum mu bi ɗakunan da ba kowa mu buɗe famfo, mu zuba ruwa a masai don kar bututu ya yi wari. Azumi ya same ni a nan, da biskit da tuffa nake buɗe baki. Daga baya aka samo mana jirgin sama. Na dawo gida na yi fiye da shekara ina soya ƙosai a ƙofar gida, ban sani ba ko za a sake kira na.

An kira ni, amma da yawa ba a kira su ba, har da Nena. Kamfani ya dawo da yunwar kuɗi. Shugabar sashenmu ta tara mu ta ce duk baƙon da ya yi tambaya a kan komawa babban ɗaki, a ƙarfafa masa gwiwa, wanda ya hana ciniki zai sa hannu a takardar gargaɗi. Gargaɗi uku, mutum ya haɗa kayansa. Ni kuma a lokacin an sa sunana cikin waɗanda za a ɗaga zuwa sama, inda ɗaki shida kawai ake ba mutum, kyautar baƙi kuma ta fi tsoka.

A irin wannan lokaci ne wata safiya na ƙwanƙwasa wani ɗaki a sashena, na ji daga ciki an ce, "Issaka, duba ko wane ne." Da Hausa, irin tamu ta Zongo. Ban san lokacin da na yi sallama ba. Tsohuwar da ke zaune a bakin gado ta dafa ƙirji.

"Wa alaikumus salam! Saa? Da gaske? 'Yata, daga ina?"

"Asawase, Mma."

"Lā ilāha illallāh! Ni Krofrom. Issaka, zo ka ga ikon Allah, mun tsallake ruwa mun zo mun samu 'yar gida."

Sunanta Hajia Memuna. Shekara talatin tana sayar da wake da shinkafa a bakin titi a Krofrom, da shi ta karantar da ɗanta Issaka, wanda yanzu ma'aikacin jinya ne a Amurka. Shi ya ɗauko ta ziyara, ya ce sai ya nuna mata teku. Na leƙa banɗaki na ga robar ruwa da aka yanke wa baki, na gane. Da yamma na kawo mata butata. Ta riƙe ta tana dariya har da hawaye, ta ce duk kayan obronin nan, wato turawa, babu wanda ya kai wannan amfani. Kullum kuma in na gama gado sai in duba talabijin in shimfiɗa mata darduma ta fuskanci inda ya kamata. Tsohuwa ce mai ƙarfi, tana sallarta a tsaye, tana cin abinci, tana tsokanar ɗanta cewa shinkafar jirgi ba ta san gishiri ba.

Rana ta biyu Issaka ya tare ni a lungu da takarda a hannu. An ce masa akwai suwit da ba kowa, za a rage masa kuɗi.

"Sista Salamatu, ke kin san jirgin nan. Matar nan ɗaki ɗaya muka taso da ita, mu biyar. Ina so sau ɗaya a rayuwarta ta kwana a inda manya ke kwana. Ya kika gani?"

Na san kwana uku masu zuwa a buɗaɗɗen teku za mu yi su, ba tsayawa. Na ji ma'aikatan sama suna cewa za a yi iska. Amma shugabata tana bakin lif, taku goma daga inda muke. Sannan kun san halinmu, mutum ya zo da niyyar kyautata wa uwarsa, idonsa na ƙyalli, ba a cewa kar ka yi. Na ce, "Ɗakin yana da kyau ƙwarai. Allah ya saka maka da alheri." Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi gaskiya ba. Kafin azahar an kwashe kayansu.

Iska ta taso washegari. A benenmu kofi ma bai motsa daga tebur ba. Rana ta biyu da tashinta na haɗu da mai kula da suwit ɗin a wajen wanki, wani ɗan Indonesiya, ya zubo jiƙaƙƙun tawul tuli guda. Na tambaye shi na wane ɗaki ne, ya faɗa. Ya ce tsohuwar ba ta taɓa abinci, amma da ɗanta ya shigo sai ta gyara zama ta ce ta ƙoshi.

Dokar aiki ta hana mu shiga sashen da ba namu ba, ta kuma hana mu ba baƙo wani abin ci ko sha daga hannunmu. Da hutun rana ya zo na jiƙa citta a ruwan zafi, na zuba a ƙaramin filas, na ɗauki koriyar tuffa biyu, na bi matakalar ma'aikata har bene na sha biyu. Issaka ya fita. Na same ta a ƙasa kan kafet, ta jingina da gado, an ja labulen baranda ruf. Falo guda, kujeru, furanni, kwanon 'ya'yan itace, ita kuwa ta takure a lungu ɗaya kusa da ƙofar banɗaki.

"Mma Hajia, sannu. Tun yaushe?"

"Tun da iskar nan ta taso. Mene ne wannan, kakaduro, ruwan citta? Allah ya yi miki albarka." Ta kurɓa kaɗan ta rufe ido. "'Yata, abinci ba ya damuna. Sallah ce. Shekarata saba'in da wani abu, ko da nake da tsohon cikin Issaka ban yi kwana biyu ina sallah a zaune ba. Yau ko alwala sai da rarrafe."

"Bari in faɗa masa, a mayar da ke ƙasa. Ɗakinku yana nan ba kowa."

Ta kama hannuna da ƙarfin da ban zata ba. "Kul. Yaron nan aikin dare yake yi, yana juya tsofaffin turawa a gado, ya tara ya saya min wannan. In ce masa ba na so? Ki yi min alkawari ba za ki ce masa ba ni da lafiya ba."

Na yi alkawari. Na sauko ina lissafin kwana ɗaya da rabi da suka rage kafin mu ga ƙasa, ga tsohuwa mai hawan jini ba ci ba sha. Ita ba za ta faɗa ba saboda shi. Shi kuma, duk da aikin jinyarsa, uwa in ta so ɓoye wa ɗanta abu, ta fi shi wayo. Na gama ɗakuna uku ina juya maganar, sai na ga ai akwai abin da ban yi alkawari a kansa ba, kuma nawa ne.

Na same shi a wajen shan shayi na bene na biyar. Na tsaya kamar mai goge tebur.

"Malam Issaka, na zo neman gafara. Ranar da ka tambaye ni, na rage maka magana. Na taɓa zama a benen nan na sama wata da watanni. In iska ta taso, babu inda ya kai shi lilo a jirgin nan. Ni da nake ma'aikaciya sai da na kasa ruku'u. Inda kuka baro shi ne wuri mafi natsuwa. Na sani, na yi shiru saboda aikina. Laifina ne, ba naka ba."

Ya ajiye kofi. "Mma ce ta aiko ki?"

"Ba ta aiko ni ba."

"Ta ce miki wani abu?"

"Ni abin da na sani game da jirgi na zo faɗa maka."

Ya dube ni, ya ce, "Yoo, na ji." Ya tashi bai ƙarasa shayin ba.

Kafin la'asar aka sauko da ita a keken marasa lafiya, likitan jirgi ya duba ta ya ba ta magani. Ofis suka ce kuɗin suwit ba ya dawowa. Issaka bai yi gardama ba, amma da aka tambaye shi dalilin canjin, cikin kyakkyawar niyya ya ce wata ma'aikaciya mai kirki a bene na huɗu ce ta wayar masa da kai. Washegari da safe na sa hannu a takardar gargaɗi, aka cire sunana daga masu hawa sama. Na ƙarasa shekaruna biyu da suka rage a bene na huɗu da ɗakuna goma sha takwas.

Hajia ta hana Issaka saukowa. Ta ce tunda an biya, sai wani ya kwana a ciki, shi ya je ya yi ta lilo. Da na shiga gyaran yamma na same ta a tsaye kan darduma tana raka'a ta ƙarshe, na jira a bakin ƙofa har ta sallame. Ta juyo ta harare ni.

"Ke, ba mun yi alkawari ba?"

"Mma, ban ce ba ki da lafiya ba."

"Munafukar Allah," in ji ta, tana dariya. "To in kina da garin rogo da shito, yajin nan namu, a ɓoye, fito da su, yunwa nake ji."

Sauran kwanakin, duk ranar da jirgi ya tsaya a tasha ya natsu, Issaka yakan zo ya hau da ita sama. Ta zauna a baranda da carbinta tana kallon gari da ƙananan kwale-kwale, mai hidima yana kawo mata shayi. Da an busa ƙahon tashi sai ta ɗauki butarta ta sauko wurina.

Bara na je wani suna a Krofrom. Ina shiga tsakar gida na ji murya a cikin rumfa, mata sun kewaye wata tsohuwa.

"Ku kuna maganar ɗaki? Ni Issaka ɗaki biyu ya kama min a jirgi. Ɗaya a sama na kallon gari, ɗaya a ƙasa na sallah da barci. Turawan ma ɗaya-ɗaya suka iya."

Matan suka yi ta cewa masha Allah, Allah ya ba mu masu jin ƙanmu. Sai idonta ya faɗo kaina. Ta ɗan tsaya, ta matsa gefe a kan tabarma ta buga wurin da tafin hannu.

"Ga ma shaidata nan. Salamatu, zo ki faɗa musu, ƙarya na yi?"

Na cire takalmi na zauna kusa da ita. Na ce, "Ɗaki biyu ne, Mma. Ni na gyara ɗaya."